Kafin a sakar wa ƙirƙirarriyar basira aikin karɓar kuɗin kwantiragi

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ina neman fili a jaridarmu domin jan hankalin 'yan kasuwa da masu haɗa manhaja kan wani abu da ake wucewa da gaggawa. Tun da kamfanin Anthropic ya fito da tsarin MCP, wata hanya ta haɗa ƙirƙirarriyar basira da sauran manhajoji, a watan Nuwamba 2024, haɗa wakilin ƙirƙirarriyar basira (manhajar da ke gudanar da aiki da kanta a madadin mutum) da manhajojin fitar da takardar neman biya, irin su Stripe da Chargebee da Zuora, ya yi sauƙi ƙwarai. Mutane na duba farashi da kyan fuskar manhaja, su manta da kundin bayaninta, wato rubutun da ke bayyana yadda ake aiki da ita. Alhali akawu idan abu ya shige masa duhu sai ya ɗaga waya ya tambaya, shi kuwa wakilin na'ura abin da aka rubuta kaɗai yake da shi. Inda rubutu ya yi shiru, da zato yake cike gurbin, kuma a aljihun abokin ciniki zaton yake ƙarewa.

A fara da ma'aunin kuɗi. Paystack, kamfanin karɓar kuɗi ta intanet, da kobo yake karɓar adadi, wato naira 5,000 ana rubuta ta 500000. Idan wakili ya aika 5000, naira 50 ya caje. A Stripe kuwa sefa, ta Nijar da ta Kamaru da Chadi, tana cikin kuɗaɗen da ba su da ƙaramin kaso, saboda haka wanda ya ninka da ɗari ya mayar da sefa 5,000 ta zama 500,000. Kundin da ya amsa sunansa yana faɗin wannan a daidai gurbin da ake sa adadi. Idan sai an buɗe wani shafi can daban kafin a gani, to an rage masa maki.

Abu na biyu shi ne wanda ya fi tayar mini da hankali: me zai faru idan intanet ta yanke bayan an aika umarni, amsa ba ta dawo ba? Wakili zai sake aikawa, domin haka aka gina shi. In babu kariya, takarda biyu za ta fita a kan aiki ɗaya. Stripe yana maganin wannan da wata lamba ta musamman, Idempotency-Key, wadda ake liƙa wa kowane umarni: in lambar ta sake zuwa, sai a maido da amsar farko ba tare da maimaita aikin ba. Amma kundin nasu ya ce ana iya share lambar bayan awa 24. Ke nan wakilin da ya sake gwadawa bayan kwana biyu zai iya haifar da sabon caji. Irin wannan ƙaramin bayani ne ya kamata a nema, kuma kundin da bai ce uffan a kansa ba, ni ba zan amince a ba na'ura makullin shiga manhajarsa ba.

Sai rabon kuɗi idan kwantiragi ya canja a tsakiyar wata. A ce abokin ciniki yana biyan naira 300,000 ya koma 450,000, saura kwana 15 wata ya ƙare. In an ɗauki wata kwana 30, cikon 75,000 ne. In watan mai kwana 31 ne kuma aka bi kwanakinsa na gaskiya, 72,581 ne. Dole kundi ya faɗi wanne ake bi, da agogon wace ƙasa rana ke ƙarewa, da kuma ko harajin VAT na kashi 7.5 yana cikin farashi ko a kansa ake ɗorawa.

A duba kuma abin da ba ya gyaruwa. A Stripe, takardar da aka riga aka tabbatar ba ta goguwa, sai dai a soke ta ko a fitar da takardar rage bashi. Saƙonnin sanarwa da manhajar ke turowa ma ba lallai su zo a jere ba, kuma ɗaya na iya zuwa sau biyu. Fayil ɗin OpenAPI ko llms.txt, wato bayanin manhaja da aka tsara domin na'ura, yana taimaka mata wajen karatu, amma idan ya tsufa ya bar sigar API (ƙofar da ake aika wa manhajar umarni) da ake aiki da ita, cutarwarsa ta fi amfaninsa.

Gwajin da nake ba da shawara ba ya cin kuɗi. A buɗe asusun gwaji, a ba wakilin kundin bayani kaɗai da makulli mai taƙaitaccen iko. A sa shi ya buɗe kwantiragi, ya canja farashi a tsakiyar wata, ya soke takarda, ya mayar da rabin kuɗi. A katse masa intanet da gangan yana cikin aikawa, sannan a ƙirga takardun da suka fito. Duk inda ya yi kuskure, a koma kundin a ga ko amsar na nan. In babu ita, a rubuta wa kamfanin manhajar, kuma har su gyara, kowace takarda ta tsaya a matsayin daftari sai akawu ya duba ya sa hannu.

Wassalam.

Mai karatunku,
daga Kano