Gudun Asabar a Keswick

Assalamu alaikum, mutumina.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, da Hajiya da yara da su Inna. Yaya zafin Katsina? Saƙonka ya iso, na ga inda ka ce likita ya ɗora ka a kan maganin hawan jini, ya kuma ce sai ka riƙa motsa jiki. Allah ya ƙara sauƙi. Abin da ya ba ni dariya shi ne cewar da ka yi ba ka ga yadda magidanci mai furfura zai sa gajeren wando ya bi titi da gudu, yaran unguwa na kallonsa ba. To, zauna ka ji abin da ake yi a garin nan duk Asabar.

Keswick ɗan gari ne a arewa maso yammacin Ingila, mutanensa wajen 5,000, tsakanin tsaunuka da tafkin Derwentwater. Ƙarfe tara na safe ake taruwa kusa da tsohuwar tashar jirgin ƙasa. Jirgi ya daina zuwa tun 1972, sai aka mai da layin dogon hanyar ƙafa da keke da ke bin kogin Greta zuwa wajen ƙauyen Threlkeld. Ambaliyar Disambar 2015 ta ɓalle wasu gadojin hanyar, ba a sake buɗe ta gaba ɗaya ba sai ƙarshen 2020, yanzu da kwaltarta sumul. Tsawon gudun kilomita 5 ne, a je a juyo.

Sunan abin parkrun, kuma ba a garin nan ya samo asali ba. Wani mutum, Paul Sinton-Hewitt, ya fara shi a lambun Bushy da ke Landan a watan Oktoban 2004, lokacin da rauni ya hana shi gudu. Mutum 13 suka fito ranar farko, shi kuwa ya riƙe musu agogo. Yau ana yin sa a ɗaruruwan garuruwa a ƙasar nan da wasu ƙasashe. Ba a biyan ko kwabo. Ka yi rajista sau ɗaya a intanet, a ba ka lambarka. Idan ka ƙare gudu a miƙa maka ɗan ƙaramin kati mai nuna na nawa ka zo, a haska shi tare da lambar taka, kafin azahar saƙo ya shigo wayarka da mintocin da ka yi.

Amma mutanen nake so ka gani. Akwai wani dattijo da ya ba saba'in baya, sanye da koriyar riga, wadda ba a ba mutum sai ya yi gudun sau 250. Yi lissafi da kanka: ko bai taɓa fashi ba, kusan shekara biyar ke nan. Ja ta masu 50 ce, baƙa ta masu 100, shuɗiya ta masu 500, kuma ana girmama rigunan nan fiye da yadda ake girmama saurin ƙafa. Gudun dattijon bai fi saurin mai zuwa masallaci an tada iƙama ba, amma ruwa ko ƙanƙara yana nan. Akwai wata mai jego da ke tura keken jaririnta a guje, kuma ta sha wuce ni a kan hanyar dawowa ba tare da ta ko kalle ni ba. Akwai wasu mata biyu da ba su taɓa ɗaga ƙafa da sunan gudu ba, tafiya suke yi suna hira tun daga farko har ƙarshe, su iso bayan minti hamsin da wani abu, a tafa musu kamar kowa.

A gaba kuma akwai 'yan gudun tsauni, siraran mutane masu ƙwaurin ƙarfe da ke gamawa cikin ƙasa da minti ashirin. A wurinsu wannan ɗumama jiki ne kawai. Garin nan ne ai mafarin zagayen Bob Graham, mai masaukin baƙi da ya haye ƙololuwar tsaunuka 42 cikin ƙasa da awa 24 a 1932. Har yau masu gwada sa'arsu daga bakin Moot Hall, wani tsohon gini a tsakiyar kasuwa, suke tashi, nan kuma suke dawowa. Abin da ya burge ni, waɗannan gwanayen sukan gama su tsaya a bakin layi suna yi wa na baya kirari.

Dabarar da na fi so ita ce ta mai bin baya. Kowane mako akwai ɗan sa-kai da aikinsa shi ne ya zo na ƙarshe. Yana tafe a bayan kowa, komai nawarsa, don kada wani ya koma gida da sunan shi ne kurar baya. Duk wanda ya ƙirƙiro wannan ya san abin da ke hana irinmu fitowa, ba ciwon gwiwa ba ne, kunya ce. Sauran ayyukan ma duk na sa-kai ne: masu agogo, masu tsayuwa a kwana, mai jawabi ga sababbin zuwa. Da azumi ni ma can nake komawa, in riƙe waya ina haska lambobi, kuma a nan na fi sanin mutane. In ka yi fashin mako biyu, wani zai tare ka a kanti ya tambaye ka ko lafiya. Ga baƙo a ƙasar da maƙwabci ke iya shekara bai san sunanka ba, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Ba a rasa gardama. A 2024 shugabannin parkrun sun cire jadawalin waɗanda suka fi kowa sauri daga shafinsu, wai yana tsorata sababbin zuwa. Masu gudun gaske suka fusata, har yanzu ana tada maganar a wurin shan kofi bayan an tashi. Ni dai ina ganin an wuce gona da iri. Matan nan biyu ba su taɓa duba jadawalin ba balle ya tsorata su, kuma yaro mai ƙafa yana son ya ga abin da zai kamo.

Ka ce ai a gida ma ana yi. Ana yi, akwai gudun fanfalaki na Legas tun 2016, akwai na kilomita 10 a Okpekpe ta jihar Edo. Amma waɗannan buki ne na shekara-shekara, da masu ɗaukar nauyi da manyan baƙi, kuma yawanci 'yan Kenya da Habasha ke kwashe kuɗin. Ba su ne za su sauke maka hawan jini ba. A Afirka ta Kudu kuwa Bruce Fordyce, wanda ya ci Comrades, shahararren dogon gudun ƙasar, sau tara, ya kai irin wannan na mako-mako Johannesburg a 2011, ya kuma karɓu sosai.

Don haka ga shawarata. Ka samu mutum huɗu ko biyar cikin 'yan majalisarku, ku auna hanya da waya, ku tsai da rana ɗaya da lokaci ɗaya. Bayan sallar asuba ya fi, ƙarfe tara sai Ingila. Kada ku naɗa shugaba da ma'aji, kada ku gayyaci babban baƙo, kada ku jira riguna. Dogon wando ma ya isa, babu wanda ya ce sai gajere. Ku sa mutum ɗaya ya riƙa bin baya. Kafin ka fara gudu ka tambayi likitan naka, watan farko tafiya da sauri ta wadatar.

Turo mini lambar takalminka, akwai mai zuwa gida bayan sallah, zan ba shi ya kawo maka. Ka gaida Hajiya, ka ce wa Inna ina neman addu'a.

Naka har kullum,
Abokinka