Wasiƙa kan birnin Ayutthaya

Assalamu alaikum, aminina,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali. Na ji ka ce aiki zai kai ka Bankok. To, ka ware yini guda don Ayutthaya, tsohon birnin sarakunan Tailan, kimanin kilomita 80 arewa da Bankok. Jirgin ƙasa zai sauke ka gabas da gari, sai ka haye kogin Pa Sak a kwale-kwale.

Ka fara lura da ruwa, don shi ya tsara garin. Sarki U Thong ya kafa shi a 1351 a inda koguna 3 suka haɗu, Chao Phraya da Pa Sak da Lopburi, aka haƙa mashigin ruwa ta gabas har ya zama tsibiri. Da damina ambaliya kan kori mayaƙan da suka kewaye shi, amma a 1767 dakarun Burma suka jure, suka ci garin, suka ƙone shi.

Soma da Wat Phra Si Sanphet, wurin bautar cikin fada (Wat shi ne wurin bautar mabiya addinin Buda), mai hasumiyoyi 3 masu siffar ƙararrawa inda aka ajiye tokar gawarwakin sarakuna. Daga nan Wat Ratchaburana, ginin 1424. A 1957 ɓarayi suka fasa ɗakinsa na ƙarƙashin ƙasa suka kwashi zinariya. Abin da aka ƙwato yana gidan tarihi na Chao Sam Phraya, kada ka tsallake shi. A Wat Mahathat akwai kan gunkin Buda da saiwar itace ta rungume. In za ka ɗauki hoto, ka durƙusa, ba sa son kan mutum ya ɗara nasa.

Wat Chaiwatthanaram na 1630 kuwa yana hayin yamma, ka bar shi sai la'asar. Nan za ka ga ciwon garin: jan bulo ne da shafen farar ƙasa a kan ƙasa mai laushi. Bulon na tsotsar danshi, gishiri ya fito ya rugurguza shi, inda aka yi faci da siminti kuma danshin ya rasa mafita. Ambaliyar 2011 ta ƙara ɓarna.

Ka sa tufafin da suka rufe kafaɗa da gwiwa. Abincin halal ba wuya, Musulmi sun daɗe a garin. Kabarin Shehu Ahmad, ɗan kasuwar Farisa da ya yi muƙami a fada, yana cikin tsibirin.

A gaida min mutan gida. Allah ya kai ka lafiya.

Naka amini