Rahoton Ayyukan Shekara: Karatunmu a Kan Mahaɗar Kiristal Biyu

Assalamu alaikum, malamai da ɗalibai 'yan ƙungiya.

Kamar yadda babban taro ya amince bara, zaman karatunmu na wata-wata bana ya tsaya a kan abu ɗaya, wato halin ilektiron a fuskar kiristal ɗin oksaid (haɗin oksijin da wasu sinadarai) masu sarƙaƙiya.

Mun faro da aikin Akira Ohtomo da Harold Hwang na 2004. Kiristal biyun, SrTiO3 (na sitirontiyom, titaniyom da oksijin) da LaAlO3 (na lantanom, alminiyom da oksijin), kowanne shi kaɗai wutar lantarki ba ta ratsa shi, tamkar tangaran. Amma da aka shimfiɗa LaAlO3 a kan SrTiO3, sai mahaɗarsu ta fara wuce da wutar lantarki. Da sharaɗi kuwa: dole fuskar SrTiO3 ta ƙare da sahunsa na titaniyom (TiO2), in sahunsa na sitirontiyom (SrO) ne a sama, shiru kake ji. A 2006 masu bincike a Augsburg ta Jamus suka nuna cewa sai shimfiɗar ta kai kaurin tubali huɗu na kiristal (tubali shi ne ƙaramin tsarin zarra da ke maimaituwa a cikinsa), kimanin nanomita 1.5 (nanomita kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita). Da uku ba ta motsi.

A nan muka fi daɗewa, domin tambayar daga ina ilektiron ɗin suka fito ta raba zauren biyu. Wasu suka tsaya a kan cewa sahun LaO da na AlO2 da ke cikin LaAlO3 suna ɗauke da cajin lantarki mai karɓa-karɓa, ɗaya tabbatacce ɗaya korarre, ƙarfin yana taruwa sahu bayan sahu har rabin ilektiron na kowane tubali ya gangaro mahaɗar. Wasu suka ce gurbin da oksijin ya bari ne, suka kafa hujja da binciken 2011 da ya gano irin wannan siririn sahun ilektiron a fuskar SrTiO3 tsurarta, ba tare da an ɗora komai ba. A ganin kwamiti, wannan muhawara ta fi duk wata lacca amfani. Wata ɗaliba ta zo da tubalin da ta haɗa da dunƙulen yumɓu da tsinken tsintsiya, ta zare dunƙule ɗaya na oksijin a gabanmu, ta nuna titaniyom biyun da ilektiron za su koma wa. Ranar ne da yawanmu suka fahimci zancen.

Binciken 2007 da ya nuna mahaɗar tana wuce da wuta ba tirjiya ko kaɗan a sanyin kusan kelbin 0.2 (wato kusan digiri 273 ƙasa da sifili a ma'aunin Selsiyos), zama ɗaya kawai ya samu, kuma bai ishe shi ba.

Inda muka gaza: laccar intanet da muka shirya ta yanke a tsakiya saboda ɗaukewar wuta, kuma fassarar kalmomin fannin zuwa Hausa ba ta wuce rabi ba. Da ita za mu buɗe baɗi, sannan mu shiga aikin Jeremy Levy na Pittsburgh, wanda tawagarsa ta zana siraran hanyoyin wuta a wannan mahaɗa da bakin allurar madubin zarra (na'urar da ke laluben fuskar abu da siririyar allura don ganin zarrarsa), ta kuma goge su.

Waɗanda ba su biya kuɗin shekara ba, don Allah a ga ma'aji kafin zama na gaba.

Sakatare, a madadin kwamitin gudanarwa