Rahoton Kwamiti Kan Kammala Gyaran Cocin St Martin-in-the-Fields, Landan

Dattawan ikilisiya, iyayenmu mata, 'yan'uwa masu bi, muna gaishe ku. Aikin da aka ɗora harsashinsa a farkon 2006 ya kammala a 2008, ya kuma ci fam miliyan 36. Mutane da dama sun shigo sun ɗaga kai sun duba, sai su ce mana: "To, ina kuɗin ya tafi? Ai cocin yana nan yadda muka san shi." Wannan tambaya ba ta ɓata mana rai ba, don abin da muka nema ke nan. Kaso mai tsoka na aikin yana ƙarƙashin ƙafafunku.

Bari mu fara da abin da muka gada. Tun 1222 sunan wannan coci ya fito a rubuce, lokacin da shugaban gidan ibada na Westminster da Bishop na Landan suka yi jayayya kan wanda ke da iko da shi. A zamanin, gonaki da fili ne kewaye da shi, daga nan ya samo sunansa. Sarki Henry na Takwas ya sake gina shi a 1542. Wanda muke sujada a cikinsa yau kuwa, James Gibbs ne ya zana shi, mutumin Sikotilan da ya koyo gini a Rum a hannun Carlo Fontana. An aza tubalin farko a 1722, aka keɓe shi a 1726. Da farko coci mai siffar da'ira ya zana, aka ce ya yi tsada, ya koma ya kawo wannan.

Tsarinsa na haikalin Rumawan dauri ne: rumfar ƙofa mai ginshiƙai shida a jere, kowanne da sassaƙar ganye a kansa, tambarin sarauta a goshin rumfar, duka da farin dutsen Portland. Sai hasumiya mai tsayin kusan mita 59 da Gibbs ya dasa a bayan rumfar, ta huda rufi ta fito. Masana gini na wancan lokaci sun kushe wannan, wai haikali ba ya goyon hasumiya. Amma da ya buga littafin zane-zanensa a 1728, magina suka yi ta kwaikwayo, har ya zama duk wanda ya ga fararen coci-cocin arewa maso gabashin Amurka, jikokin namu ya gani.

Ginin yana mataki na ɗaya a jerin gine-ginen da dokar Ingila ta kare. Ma'anar wannan ga kwamiti ita ce ba mu da ikon cire ko sauya komai sai da izini, daga hukumomin coci da na kayan tarihi. Ya jawo tafiyar hawainiya a wasu lokuta, amma ya hana mu yin ɓarna da kyakkyawar niyya.

A cikin cocin kansa, aikinmu na wanki ne da mayar da haske. An kafa katakon hawa har rufi, aka share ƙura da hayaƙin shekaru daga adon filasta da ƙwararrun nan biyu, Artari da Bagutti, suka yi wa Gibbs, aka liƙe inda ya tsage. An sa gilashi garau a tagogi. A waje an wanke dutse, an gyara rufi. Dole ta sa aka rufe cocin na wasu watanni a 2007, wanda ba ƙaramin abu ba ne ga wurin da ake wa kirari da coci mai ƙofa a buɗe kullum.

Tagar gabas, wadda ke bayan bagade, ita ce ta fi jawo magana. Bom ya farfasa tsohuwar a Yaƙin Duniya na Biyu, aka maye gurbinta da wata bayan yaƙi. Sabuwar aikin Shirazeh Houshiary ce, 'yar asalin Iran, tare da Pip Horne. Babu hoton waliyyi ko launi a jikinta. Sanduna ne na ƙarfe a tsaye da a kwance kamar raga, suna tafiya daidai daga gefe, sai su fara lanƙwasa yayin da suka doshi tsakiya, inda wani farin ƙwai na gilashi ya ɗan karkace. Ka ja da baya ka duba, za ka ga gicciye kamar inuwarsa ce ta faɗa cikin ruwa aka jefa tsakuwa. Da safe rana ce ke haska ta, da dare fitila. Ra'ayin kwamiti shi ne ta dace da ginin, domin ba ta yi gasa da Gibbs ba.

Yanzu mu sauka ƙasa. A arewacin cocin akwai rumbunan binne gawa na ƙarni na 19, masu duhu da laima da lunguna. Tun da Rabaran Dick Sheppard, limamin cocin na wancan zamani, ya buɗe ɗakin ƙasa ga sojojin da ke wucewa ta tashar Charing Cross a Yaƙin Duniya na Ɗaya, wannan coci bai daina karɓar wanda ba shi da wurin kwana ba. Hidima ta yi ta girma, wuri bai ƙaru ba, har ya zama rayayyu ne ke cushe a ɗakunan da aka gina wa matattu. Abin kunya ne a gare mu, kuma shi ne ainihin dalilin wannan aiki.

Kamfanin zane na Eric Parry ya tsara yadda za a yi. An tone wurin, aka gina sabbin ɗakuna: zauren taro, ɗakin gwajin waƙa na mawaƙa, ƙaramin ɗakin addu'a mai sunan Dick Sheppard, da mazauni ga cibiyar 'yan'uwanmu Sinawa. An sabunta gidan The Connection, inda marasa matsuguni ke samun abinci, wanka da shawara. An faɗaɗa hanyar ƙafa da ke gefen cocin, aka kafa rumfar gilashi mai matakala da lif, ga kuma wata rijiyar haske da ke zuba hasken rana har ƙasa. Mai keken guragu yanzu yana sauka gidan abincin da ke ƙasa ba tare da an ɗauke shi ba.

Tonon ya zo mana da baƙon da ba mu gayyata ba. A 2006 masu binciken kayan tarihi na Gidan Tarihin Landan suka ci karo da akwatin gawa na dutse na zamanin Rumawa, da ƙasusuwan wani mutum a ciki. Awo ya nuna an binne shi wajen shekara ta 410, daidai lokacin da mulkin Rum ke ƙarewa a Birtaniya, kuma nesa da ganuwar birnin na lokacin. Wato shekara kusan 800 kafin a fara rubuta sunan cocinmu, ana binne mutane da daraja a wannan fili.

Batun kuɗi: asusun kula da kayan tarihi na cacar ƙasa ya ba da sama da fam miliyan 15. Sauran ya fito daga gidauniyoyi, masu hannu da shuni, abokai na ƙasashen waje, da baikon talakawan ikilisiya. Muna gode wa kowa, tare da limaminmu na lokacin, Rabaran Nicholas Holtam, da ya ja ragamar aikin.

Roƙonmu guda biyu ne. Kada kowace ƙungiya ta buga ƙusa ko ta manna takarda a bango ko ginshiƙi sai ta tuntuɓi masu kula da gini. Sannan a riƙa duba indararo da magudanan rufi akai-akai, musamman lokacin da ganye ke zuba, domin ruwan da ya toshe a sama a kan filastar Artari da Bagutti zai sauka.