Ka cire "of" ɗin nan kafin ka tura

Assalamu alaikum mutumina,

Ya Kuala Lumpur, ya karatu, ya fama da zafi? Mu nan Kano hunturu ya fara shigowa. Umma tana gaishe ka, wai tunda ka hau jirgi ka manta da mutane.

Na karanta takardar neman tallafin karatun da ka turo min a WhatsApp jiya da daddare, wallahi ta yi kyau sosai, sai dai wuri ɗaya da ya tsaya min a rai, har sau biyu ka rubuta "despite of", a layi na uku da kuma can wajen ƙarshe. Don Allah ka goge "of" ɗin. Ko ka ce "despite my illness" ko ka ce "in spite of my illness", duk ma'anarsu ɗaya, duk da rashin lafiyata kenan, amma "despite" ba ta tafiya da "of". Kuma "in spite of" kalma uku ce a rarrabe, banda "inspite" a haɗe irin yadda 'yan Facebook suke yi.

Ni ban ga laifinka ba fa, asalinsu ɗaya ne, "spite" gutsuren "despite" ce, ita kuma daga tsohon Faransanci ta shigo Turanci, a da can ma Turawan da kansu suna rubuta "in despite of", shi ya sa kunne yake jin kamar daidai ne.

Sai kuma inda ka sa "in spite of I was sick", wannan kam Hausarmu ce ta ja ka. Mu sai mu ce duk da ruwan sama, duk da na makara, kowanne ya zauna daram. Su kuwa suna ne ke biyo baya ko aikatau mai -ing, "in spite of being sick". In cikakkiyar jimla za ka kawo to "although I was sick", ko "despite the fact that I was sick", wato duk da cewa, amma ni wannan tana min tsawo, although ta fi sauƙi.

Ka tuna malaminmu na Turanci a SS2 da jan bironsa? Ni ma sai da ya zagaye min irin wannan har sau uku a takarda ɗaya kafin WAEC, ina ji ina gani.

Ka gyara ka sake turo min kafin Juma'a in ƙara dubawa, sakin layi na biyun ma yana son ragi kaɗan. A gaida 'yan ɗakinku.

Naka,
abokinka na Kano