Sanarwa kan ziyarar Namugongo

Salama gare ku iyaye da ƴan'uwa. Masu niyyar zuwa Namugongo bana, kowa ya turo mini sunansa ta gefe kafin ƙarshen wata, don Allah kada a zuba a rukuni. A duba fasfo tun yanzu, a nemo katin rigakafin shawara, domin ana tambayarsa a Yuganda.

Wasu sun tambaye ni me ke can. Cocin tunawa da shahidan Yuganda ne ke can. Yana bayan garin Kampala, a wurin da aka ƙona Charles Lwanga ran 3 ga Yuni, 1886, bisa umarnin Sarki Mwanga na Buganda. Shahidan Katolika 22 ne, har da shi Lwanga, ƙaraminsu Kizito yaro ne ɗan shekara 14. Paparoma Paul na shida ya sa su cikin waliyyai a 1964, ya kuma taka ƙafa ya je wurin a 1969. Ginin kamar bukka yake, da ginshiƙai 22, kowane shahidi da nasa. A gefe akwai tafki da bagade a tsakiyarsa, za ku ga mutane da jarkoki suna ɗibar ruwan zuwa gida.

Babanninmu ƴan ƙungiyar Mulumba, ai ku ne ma ya kamata ku fara ba da suna, tunda Matiyas Mulumba ɗaya ne daga cikinsu.

Ranar bikin tunawa da shahidan cunkoso ba a cewa komai, wasu da ƙafa suke tahowa tun daga Kenya. Mama masu ciwon gwiwa, ku sanar da ni da wuri.