A daina zuga mutane su ajiye aiki tun sana'a ba ta tsaya da ƙafarta ba

Assalamu alaikum Edita,

Ranka ya daɗe, ina roƙon ka ba ni ɗan fili a shafin wasiƙu domin akwai maganar da ta daɗe tana damuna, kuma kullum na buɗe waya sai na ƙara cin karo da ita. Ba a ɗaukar lokaci sai ka ga wani ya fito a bidiyo, ga mota a bayansa, yana cewa wai aikin albashi bauta ce, wai duk mai jiran ƙarshen wata bai san ciwon kansa ba, ka ajiye aiki yau ka zama ogan kanka. Kuma wallahi mutane suna ɗauka, musamman wanda dama ya gaji da ofis, ogansa ya isheshi, albashin ba ya kaiwa ko'ina, irin wannan mutumin ƙiris yake jira.

Ni ba ina ƙin sana'a ba ne, ko kusa. Ina son in ga mutum ya kafa abin kansa, ina son in ga wanda ya canza layi ya samu abin da ransa ke so. Abin da nake cewa ɗaya ne, a fara sana'ar tukuna, a ga ta fara kawo kuɗi daga hannun mutanen da ba su san ka ba, sannan a rubuta takardar barin aiki. Masu zugar nan sun juya abin ne, sun sa ƙarshe a farko. Ganin hadari dai shi ke sa wanka da kashi.

Akwai abubuwan da albashi yake ɓoyewa waɗanda mutum ba ya gani sai ranar da ya fita. Lokacin da kake ƙarƙashin kamfani, wani ne yake nemo kwastoma, wani ne yake bin bashi, wani ne yake lissafin haraji, kwamfutar da kake aiki da ita da wutar da intanet ɗin duk ba daga aljihunka suke fita ba, in ka kwanta rashin lafiya sati guda a wurare da yawa albashinka zai shigo cif, in akwai fansho ana tara maka ko kana sane ko ba ka sane. Ranar da ka koma firilansin, wato kai ne kake nemo aikinka ana biyanka aiki-aiki, duk waɗannan sun dawo wuyanka. Kuma ba duk awoyin da ka zauna ne ake biya ba, rabin yinin zai iya tafiya wajen rubuta wa mutane saƙo da tura samfurin aiki da jiran amsa da gyaran da kwastoma ya dawo da shi karo na uku, babu wanda zai ba ka ko sisi a kan wannan. Shi ya sa wanda ya ɗauki tsohon albashinsa ya raba da kwanakin wata ya ce to ga farashina, ya riga ya faɗi tun bai fara ba, saboda ya manta da hutu da ciwo da watan da babu aiki kwata-kwata, kuma irin wannan watan yana zuwa wa kowa, har ƙwararru.

Ga lissafi kuma ba daga kaina ba. Hukumar ƙididdigar ƙwadago ta Amurka ta daɗe tana bin diddigin sababbin kasuwanci, abin da take samu kusan kullum ɗaya ne: wajen ɗaya cikin biyar ba sa wuce shekarar farko, kusan rabi kuma sun rufe kafin su wuce shekara 5. Wannan fa a ƙasar da samun rance da kotu da wutar lantarki ba su ne matsala ba. Ba na kawo wannan don in karya wa kowa gwiwa, rabin da suka tsira ai su ma mutane ne kamar kowa. Amma in za ka shiga abin da ka san rabin masu shigarsa ba sa kai labari, hankali ya ce ka bar wa kanka hanyar da iyalinka za su ci abinci in abin bai yi ba.

Wasu malamai biyu, Joseph Raffiee da Jie Feng, sun fitar da bincike a 2014 bayan an bi mutum sama da 5,000 a Amurka na tsawon shekaru. Sun gano cewa waɗanda suka fara kasuwanci suna riƙe da aikinsu, daga baya suka koma kansa gaba ɗaya, yiwuwar su durƙushe ta ragu da kashi 33 cikin 100 idan aka gwada da waɗanda suka yi tsalle lokaci guda. Ni dalilin a fili yake a wajena. Mai albashi a bayansa yana iya cewa a'a. In kwastoma ya zo da tayin wulaƙanci zai iya ƙin karɓa, in kayan farko ba su karɓu ba yana da sararin da zai canza, ba ya cin uwar kuɗi don kuɗin haya ya taso. Wanda ya ajiye aiki da wuri kuwa tsoro ne yake yanke masa shawara, ya karɓi kowane aiki a kowane farashi, ya ci bashi mai ruwa, ya shiga haɗin gwiwa da wanda bai yarda da shi ba, duk don wata ya ƙare lafiya.

Su kansu manyan da ake buga misali da su ba haka labarinsu yake ba. Phil Knight, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa kamfanin takalma na Nike, ya fara sayar da takalman gudu na Japan a 1964 daga bayan motarsa, amma ya ci gaba da aikin akanta har da koyarwa na shekaru, sai wajen 1969 ya koma kan kasuwancin gaba ɗaya, sunan Nike ma sai 1971 ya zo. Steve Wozniak da suka kafa Apple a 1976 bai bar aikinsa na injiniya a HP nan take ba, sai da aka yi ta lallashinsa. Kuma akwai wani abu a labarinsa da nake so masu niyyar haɗa aiki da sana'a su riƙe, kafin ya tafi da ƙirar kwamfutarsa wani waje sai da ya fara kai wa kamfanin da yake wa aiki, su suka ce ba sa so. Wannan ita ce amana. Don na ce ka fara sana'a kana aiki ba ina nufin ka riƙa satar lokacin ofis ba, ko ka kwashe lambobin kwastomomin mai gidanka, ko ka yi aikinka da kayansu. Ka karanta takardar ɗaukar aikinka da kyau, wasu sun hana yin sana'a irin tasu a gefe, in haka ne ka nemi izini a rubuce ko ka zaɓi wani layin. Dare naka ne, ƙarshen mako naka ne, za ka gaji sosai kam, amma gajiyar wata shida ta fi sauƙi a kan bashin da zai bi ka shekaru.

To yaushe mutum zai san lokaci ya yi? Ni a ganina ba yabon 'yan uwa da abokai ba ne, waɗannan za su ce kai wannan abu ya yi kyau ko da ba za su taɓa saya ba, suna son ka ne. Shaidar gaskiya ita ce baƙon da bai san ka ba ya ciro kuɗinsa ya biya, ya tafi, ya sake dawowa, ya kuma turo wani. In hakan ya yi ta faruwa wata da watanni, kuma abin da ke shigowa bayan an cire duk kashe-kashe ya fara kusantar albashinka, ga ajiyar da za ta riƙe gida na aƙalla wata shida ko da ba a yi cinikin komai ba, to a nan za a iya zama da mai ɗaki ko mai gida a yi shawara. Na ce a zauna da su domin su ma za su ɗanɗana in abu ya cije, bai dace su ji labari bayan an riga an miƙa takarda ba. Kuma tun ranar farko a raba asusun sana'a da na gida, ka yanka wa kanka albashi ko ƙanƙane ne, in ba haka ba za ka ga ciniki yana ta tafiya kana murna alhali jarin ne kake cinyewa.

Batun firilansin a intanet kuma yana bukatar a faɗi gaskiya a kansa, don a nan aka fi yaudarar matasa. Shafukan neman aiki irin su Fiverr da Upwork gaskiya ne, ana samun kuɗi. Fiverr ya fara a 2010 da ayyukan dala 5, Upwork ya ɗauki wannan sunan a 2015 bayan haɗewar Elance da oDesk, kuma mutane da dama sun gina rayuwarsu a kansu. Amma dillalai ne, suna cire la'adarsu, Fiverr yana ɗaukar kashi 20 cikin 100 na duk abin da aka biya ka, a Upwork kuma neman aikin ma kansa yana cin kuɗi, ga kuma abin da za a ƙara yanka kafin kuɗin su iso bankinka. Kana gasa ne da duk duniya, wani a wata nahiya zai karya farashi ƙasa da naka kuma aikinsa da kyau. Sabon shiga da ba shi da tauraron yabo daga kwastoma ko ɗaya zai iya tura neman aiki ya gaji ba a ko buɗe ba. Sannan shafin ba naka ba ne, rana ɗaya za a iya rufe maka akawun ko a canza doka, duk sunan da ka gina ya tafi. Tun da ChatGPT, manhajar nan mai rubutu da fassara da kanta, ya fito a Nuwamba 2022 kuma ƙananan ayyukan rubutu da fassara irin na sama-sama sun ragu, farashinsu ya faɗi, wanda ya koyi abu ɗaya mai sauƙi a sati biyu ya ce shi ke nan ya samu sana'a shi ne na farko da abin ya taɓa.

Babban ciwon ɗan firilansin dai shi ne a ci masa kuɗi. Ka gama aiki ka tura, mutum ya yi shiru, ka bi ka bi har ka ji kunya kamar kai ne mai laifi. Abin ya yi yawa har birnin New York ya kafa doka da ta fara aiki a 2017, wadda ta ce aikin da ya kai dala 800 dole a rubuta yarjejeniya, kuma in ba a sa ranar biya ba to a biya cikin kwana 30 da gama aiki. Yawancin wurare babu irin wannan kariyar, saboda haka kai ne za ka kare kanka. Ka karɓi kafin alƙalami, ku rubuta abin da za a yi da ranar gamawa da yawan gyaran da ke cikin kuɗin ko da a saƙon waya ne, kada ka miƙa cikakken aiki sai an cika. Kuma don Allah kada ka dogara da kwastoma ɗaya komai girmansa, wanda duk kuɗinsa daga mutum ɗaya suke fitowa ma'aikaci ne har yanzu, sai dai babu hutu babu fansho.

Masu canza layi bayan shekaru sun ja kuma ina so in ƙarfafa musu gwiwa, domin ana sa su jin kamar sun makara. Wani bincike da Pierre Azoulay na jami'ar MIT da abokan aikinsa suka yi a kan kamfanonin Amurka ya nuna cewa matsakaicin shekarun waɗanda suka kafa kamfanonin da suka fi saurin bunƙasa 45 ne, kuma wanda ya taɓa aiki a fannin da ya buɗe kasuwanci a ciki ya fi samun nasara nesa ba kusa ba. Shekarun da ka yi a ofis ba asara ba ne kenan. Akantan da ya koma koyar da ƙananan 'yan kasuwa lissafi, ko ma'aikaciyar jinya da ta buɗe hidimar kula da tsofaffi a gida, sun tafi da abin da suka sani da mutanen da suka sani. Wanda zai shiga fannin da bai taɓa sani ba shi ma zai iya, sai dai ya yarda zai koma ɗan koyo, wataƙila a ƙarƙashin wanda bai kai shi shekaru ba, kuma kuɗin zai ragu na wani lokaci.

Na san akwai waɗanda maganata ba ta hau kansu ba. Wanda aka sallama bai zaɓa ba, wanda bai taɓa samun aikin albashin ba balle ya ajiye, kuma su ne masu yawa, Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta ce a 2018 mutum biliyan 2, sama da kashi 60 cikin 100 na ma'aikatan duniya, suna neman abinci ne ba tare da takardar aiki ko wata kariya ba. Akwai kuma wanda aikin yake cin lafiyarsa ko mutuncinsa, wannan ba zan ce ya zauna ba. Da mai aiki a hannu nake, wanda babu abin da ya kore shi sai bidiyon wani da galibi kwas yake sayarwa, kuɗinsa daga masu rajista suke fitowa ba daga sana'ar da yake koyarwa ba.

Roƙona gare ka Edita, idan wakilanka za su yi hira da wanda ya yi nasara a kasuwanci, su wuce tambayar mene ne sirrinka. Su tambaye shi wa ya riƙe gidan a shekarar farko, daga ina jarin ya fito, wata nawa ya yi kafin ya ga riba, yana da aiki a lokacin ko babu, sau nawa aka ci masa kuɗi. Sannan ku nemo waɗanda suka buɗe suka rufe, da waɗanda suka koma aikin albashi bayan sun gwada, ku ba su shafi guda su ma su faɗi yadda aka yi, ko da ba za a buga sunayensu ba.

Na gode, Allah ya ƙara basira.

Naka,
Mai karanta jaridarka a kullum